Zama da zuciya mai tsallake

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mace ce mai shekara 38, haifaffiyar wani ƙauye a gefen Kumo, aure ya kawo ni Pantami a cikin garin Gombe. Yarana uku, sana'ata ɗinki. Tun 2019 likitoci suka tabbatar mini cewa zuciyata ba ta bugawa a kan tsari, kuma haka zan zauna da ita sai dai wani iko na Allah. Wata ƙanwata da muke haɗuwa a layin ganin likita ce ta yi ta matsa mini in rubuta labarina. Ta ce Adda, mata nawa ne a garin nan suke da irin ciwonmu suna ta shan maganin taifot? Na ga gaskiyarta, shi ya sa na zauna.

Duk wadda ta taɓa taka keken ɗinki ta san ƙararsa idan yana lafiya, tafiya ɗaya yake yi ba gargada. Ran da allura ta lanƙwashe ko zaren ƙasa ya saki, sai ya fara tsallake: ya yi ɗinki uku a manne, ya bar gurbi, ya zuba biyar a guje, ya ɗan tsaya kamar ya mutu, ya sake ɗauka. Haka ƙirjina yake dare da rana. Da rana hidima tana ɗauke mini hankali. Da dare ne, idan gida ya yi tsit na kwanta ta ɓangaren hagu, nake jin kowane bugu har cikin kunnena.

Abin ya faro tun ina firamare, amma sai da na haura talatin na san haka. Ina aji huɗu na yi ta fama da ciwon maƙogwaro, duk hunturu sai ya dawo, haɗiyar yawu ma da kuka. Dada, Allah ya jiƙanta, ta kai ni wajen wanzami ya cire mini hakin wuya kamar yadda ake yi wa yaran garinmu. Wata shekara kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, gwiwata ta kumbura ta yi zafi. Kafin ta sace idon sawu ya ɗauka, daga nan ya koma gwiwar hannu. Aka ce amosani ne, aka gasa mini, aka shafe ni da man shanu. Na miƙe na koma makaranta, kowa ya manta. Ban taɓa ganin laifin Dada a cikin wannan ba. Ta yi iyakar abin da ta sani, kuma ta yi shi ne don ƙauna.

Cikin fari da na biyu na ɗauke su ba wata matsala sai gajiya irin ta masu ciki. Na uku ne, a 2017, ya tona abin da ke ɓoye. Daga wata na shida bokitin ruwa ɗaya ya gagare ni, daga bakin famfo zuwa ƙofar ɗaki sai na ajiye na huta. Kwanciya a miƙe ta zama aiki, sai na tara matasai na jingina, cikin dare tari ya tashe ni ina neman iska. A wajen awo aka ce jinina ne ya yi ƙasa, aka rubuta mini maganin ƙarin jini. Allah ya sauke ni lafiya, aka ɗora tukunyar wankan jego, ruwa mai tafasa da ganye safe da yamma, ga kunun kanwa a ce sai na shanye kwano. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Wata safiya ina fitowa daga wankan na ga duhu, sai farkawa na yi a tsakar gida ana yi mini fifita. Ranar Abban yara ya ce an gama wankan nan. Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta ji daɗi ba, ta ce su da suka yi arba'in cur ga su nan da ƙarfinsu. Amma ta haƙura.

Shekara biyun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu sai yawo. Kemis ya ce taifot da maleriya. Wani ya ce olsa ce take taso mini har ƙirji. Wata ta ce tunani ne, in rage sa abu a rai. Da faɗuwar gaban ta yi yawa aka ce ko iska ce, aka yi mini ruƙiyya, na sha rubutu. Ban raina addu'a ba, har gobe ita ce madogarata. Sai dai a duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya kama hannuna ya ƙirga bugun jijiyata na minti ɗaya.

Wadda ta fara yin haka maƙwabciyata ce, ma'aikaciyar jinya. Gab da ƙaramar sallar 2019 ne, ɗinkin salla ya taru, ga azumi, ga kwana a kan keke, ga shayi mai kauri da sahur don in kori barci. Wani dare ƙirjin ya ɗauki gudu ya ƙi tsayawa, gumi ya rufe ni, hannuna na rawa na kasa ko zura zare. Aka kira ta. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora yatsunta uku a wuyan hannuna ƙasan babban yatsa, ta zuba wa agogon wayarta ido. Ban manta yadda fuskarta ta sauya ba. Ta juya ta ce wa Abban yara, “Malam, wannan ba taifot ba ne. Bugun nan ba ya tafiya daidai. A nemo abin hawa yanzu.”

Asibitin Koyarwa na Tarayya muka nufa, wanda da yawa har yanzu suke kira FMC. Aka manna mini wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, gwajin da ake kira isiji. Na'urar ta fito da doguwar takarda mai ƙananan gidaje, da zane mai tsini-tsini a kai. Likita ya sa bakin biro yana nuna mini tazarar da ke tsakanin tsinin nan: wannan kusa, wannan nesa, wannan kusa sosai, babu biyu da suka zo ɗaya. Ya ce mai lafiya idan yana zaune zuciyarsa tana bugawa tsakanin 60 da 100 a minti, kuma tazarar iri ɗaya ce. Tawa a daren ta kusa 150. Bayan kwana biyu aka yi mini hoton zuciya, eko, na kwanta ta hagu aka shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, na ga zuciyata da idona tana motsi a allo.

Da sakamakon ya fito, likitan zuciya ya dube ni ya ce, “Malama, kina yarinya kin taɓa yin ciwon maƙogwaro mai yawan dawowa? Kin taɓa yin zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan?” Jikina ya yi sanyi. Abin da ya faru a ƙauye sama da shekara 20, wanda ko Abban yara bai sani ba, ga wani yana karanto mini shi daga hoton zuciyata.

Ga bayanin da ya yi mini, kamar yadda na riƙe shi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, galibi 'yan shekara 5 zuwa 15. Idan ba a kashe ta da penisilin ba, a wasu yaran garkuwar jiki tana ruɗewa, bayan sati biyu zuwa uku ta juya ta far wa gaɓoɓi da zuciya. Gaɓoɓin suna warkewa sarai, zuciyar ce take riƙe tabo. Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma tsakanin na sama da na ƙasa akwai ƙofa mai buɗewa da rufewa. Ƙofar da ke ɓangaren hagu ita tabon ya kama mini, ta yi kauri ta tsuke a hankali cikin shekaru. Jini yana turawa da ƙyar, ɗakin sama ya yi ta kumbura, har wutar da ke ba zuciya umarnin bugawa ta rikice. Maimakon ɗakin saman ya matse gaba ɗaya, sai ya riƙa karkarwa kawai, na ƙasa kuma ya riƙa amsawa yadda ya samu. A kati suna rubuta sunan wannan rikicewa da harufa biyu, AF. Ya ƙara da cewa mai ciki jininta yana ƙaruwa kusan da rabi, shi ya sa mata da yawa sai da ciki ciwon yake bayyana, domin ƙofar da ke lallaɓawa da ɗan jini ba za ta iya da mai yawa ba. Zafin wankan jego da gishirin kanwa kuma nauyi ne a kan nauyi.

An sallame ni da magani iri uku. Na farko yana rage gudun zuciya, kuma cikin kwanaki na ji bambanci. Na biyu, Lasix, yana fitar da ruwa, na ga ƙafata ta sace da idona. Na ukun 'yar ƙaramar ƙwaya ce, wafarin. Likita ya ɗaga ta tsakanin yatsunsa ya ce, “Duka ukun kada ki yi wasa da su. Amma wannan ita mutane suka fi saki, saboda ba za ki taɓa jin aikinta a jikinki ba.”

A kan wannan ƙwaya nake so in daɗe, domin ita ce dalilin rubutun nan. Abin da ke firgita mu masu wannan ciwo shi ne gudun ƙirji da haki, kuma da sun lafa sai mutum ya ga ai ya warke. Alhali babban haɗarin ba ya ƙara ba ya zafi. Tunda ɗakin sama karkarwa yake yi, jini yana kwanciya a lungunsa ya daskare ya zama guda. Ran da gudan ya ɓalle, hanyar jini za ta ɗauke shi, sau da yawa zuwa ƙwaƙwalwa, ya toshe jijiya. Shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan rikicewar bugu ya fi mai lafiya haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar, wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke irina kuwa nasa ya zarce haka nesa. Wafarin yana hana jinin saurin daskarewa, yana rage haɗarin da kusan kashi biyu cikin uku. Amma ran da ya tsare ka ba za ka sani ba. Za ka tashi ka yi salla ka karya kumallo kamar kullum.

Akwai wata baiwar Allah daga wajen Nafada da muka saba a layi, ta girme ni, ina kiranta Adda. Mace mai fara'a, kullum da ɗan ƙullin dakkere a jaka ta raba mana. Sai muka daina ganinta. Ashe ɗanta ne ya karanta a waya cewa wafarin maganin ɓera ne, hankalinsa ya tashi ya ce ba za a kashe masa uwa ba. Kuma abin da ya karanta ba ƙarya ba ne: a 1948 aka fara sayar da shi a Amurka a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane shi da awo, tun daga lokacin kuma ake amfani da shi a duniya. Yaron ya ga farkon labarin bai ga ƙarshensa ba. Adda ta ci gaba da shan sauran biyun tunda tana jin daɗinsu, ta ajiye ƙaramar, kunya da tsoron faɗa suka hana ta gaya wa likita. Ga kuma kuɗin mota daga Nafada da kuɗin gwaji duk wata, waɗanda ajiye ƙwayar ya ɗauke mata. Bayan wasu watanni tana tsakar gida tana tankaɗe, rariya ta suɓuce daga hannunta na dama, baki ya karkace.

Na je duba ta bayan an mayar da ita gida. Ta gane ni, idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki kalma ta ƙi fita. 'Yar autarta da ke sakandare ta bar makaranta tana jinya. Ɗan nata ya raka ni bakin hanya bai iya haɗa ido da ni ba, na ce masa ƙanena, ƙauna ce ta sa ka, Allah ya sani. Har yau idan na ɓallo ƙwayata da dare Adda nake tunawa. Idan akwai mai shan wannan magani a gidanku kuma wani abu ya ba ku tsoro a kansa, don Allah a koma wajen likita a tambaya kafin a ajiye. Kuma duk ran da baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko da ya dawo daidai bayan ɗan lokaci, asibiti za a nufa a take. Addu'a ana yin ta a cikin mota.

Ba zan ɓoye ba, zama da wafarin yana da wahala. Idan ya yi kaɗan bai tsare ka ba, idan ya yi yawa jini ya tsinke. Shi ya sa ake gwajin jini a kai a kai, wanda ake rubutawa INR. Nawa ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ina da ɗan littafi mai bangon shuɗi da na ja wa layi da kaina: kwanan wata, sakamako, yawan ƙwaya. Wani lokaci a ce guda, wani lokaci guda da rabi, in sa reza in raba ta a kan murfin gwangwanin maɓallai. Littafin nan ya tsufa, gefensa ya naɗe, amma ko biki zan je yana cikin jaka.

A daminar farko lambar ta faɗo ƙasa da 2 ba tare da na tsallake ko kwana ɗaya ba. Likita ya tambaye ni me nake ci. To damina ce, zogale ya yi lif-lif a bayan gida, kullum da kwaɗo, ga alayyafo ya yi araha. Ya ce ganye yana ɗauke da bitamin K, shi kuma yana rage ƙarfin wafarin. Na ɗauka zai hana ni, sai ya ce a'a, ganye abinci ne mai kyau. Abin da ba a so shi ne wannan sati a ci kwano-kwano, sati mai zuwa ko ɗanɗano babu. In tsayar da abin da na saba, shi kuma ya daidaita maganin a kai. Tun daga nan nake busar da zogale da damina in ajiye, don cin rani da na damina su zo kusa da juna.

Magunguna sun fi ganye haɗari. Flagyl da Septrin, waɗanda ake miƙa wa mutum a kemis kamar alewa, suna ƙara wa wafarin ƙarfi har jini ya tsinke. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da asfirin suna iya jawo zubar jini a ciki. Ni farasitamol kaɗai nake sha idan kai ya dame ni, shi ma ba a jere kwana da kwanaki ba. Duk inda za a rubuta mini magani ko a cire mini haƙori, kalmar farko da ke fita bakina ita ce ina shan wafarin. Ƙaho na bar shi. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi da kayan mata da ake tallarsu a gidajen biki, duk na yafe, domin ba wanda zai iya gaya maka abin da ke ciki balle yadda zai haɗu da maganinka. Ni da ke aiki da allura da almakashi, ɗan suka kaɗan sai na daɗe ina danne da ƙyalle. Da hunturu ina shafa man kaɗanya a hanci saboda haɓo. Jinin al'ada yana ƙaruwa, wannan kuma mata da yawa suna jin nauyin faɗa wa likita namiji, alhali dole ne ya sani. Baƙin bayan gida, jini a fitsari, ko ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Na taɓa tambayar likita game da sababbin ƙwayoyin da na ji ana cewa ba sa buƙatar gwaji. Ya ce suna da kyau ga masu rikicewar bugu da yawa, kamar tsofaffi da masu hawan jini, amma ban da irina. Wani babban bincike da aka fitar a 2022, a kan mutum sama da 4,500 masu irin tabon zuciyata a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna waɗanda suka zauna a kan wafarin sun fi tsira. Na rungumi littafina na yi shiru.

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan shi ne azumi. Wasu shekarun likita ya yarda na yi, aka mayar da wafarin bayan buɗa baki, aka gyara lokacin sauran. Amma azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake taɓa 40, ga maganin fitar da ruwa a jiki. Ya ce bana kam a'a. Na yi kuka a gabansa. Mace da girmanta, 'yarta ta fari tana azumi, ita tana shiga ɗaki ta sha ruwa a ɓoye. Abban yara ya je wajen malaminsu ya dawo ya zaunar da ni, ya karanta mini ayoyin Baƙara da suka yi wa mara lafiya rangwame. Ya ce malam ya ce wanda ya karɓi sauƙin da Allah ya yi masa shi ma biyayya ya yi. Tunda likita ya ce zan iya a lokacin sanyi, sai in rama da hunturu, rana gajera, ƙishi kaɗan. Haka na yi, ina yi ina hutawa. Wanda ciwonsa ba ya barinsa ko da sanyi, shi ciyarwa ce a kansa.

Sai maganar haihuwa. Likita ya ce a zo da maigida. Ya gaya mana a fili cewa wani cikin zai iya tafiya da raina, kuma wafarin yana iya lahanta ɗan tayi, musamman daga sati na 6 zuwa na 12. Wadda ta samu ciki tana shansa, gaggawar zuwa asibiti za ta yi a duba yiwuwar mayar da ita kan allura, kada ta yanke da kanta. Ko maganin tazarar haihuwa ba kowanne ya dace da mu ba, akwai ƙwayoyin da ke ƙara daskarewar jini. Ni na damtse aka sa mini. A hanyar komawa cikin Keke Napep ba wanda ya ce uffan. Sai da muka shiga gida ya ce, “Ukun nan da Allah ya ba mu sun fi buƙatar uwarsu a kan ƙane.” Na san ba kowace mace take samun wannan amsa ba. Na ga wadda aka mayar gidansu saboda ta zama mai cin kuɗin magani ba ta haihuwa. Na ga wadda ta ɓoye wa miji maganar likita ta sake ɗaukar ciki don tsoron kishiya. Maza, ku riƙa shiga ɗakin likita tare da matanku ku ji da kunnenku.

Dangi kuwa sai a hankali, domin ciwo ne da ba ya nuna kansa. Za a gan ka sumul ka yi kwalliya, a ce ai ta warke. Idan aka yi biki ban shiga layin daka ko ɗaukar tukunya ba, na san akwai mai cewa son jiki ne. Da abin yana ƙona mini rai. Yanzu idan na ga fuska ta sauya sai in miƙa hannu in ce taɓa nan ki ji. Hajiya da kanta ta taɓa. Ta daɗe riƙe da hannuna, sannan ta ce, “'Yar nan, da wannan kike yawo?” Tun ranar ita take korar masu kawo mini jiƙo, kuma da ƙanwar Abban yara ta haihu ita ta ce a sassauta ruwan wanka a rage kanwa.

Ɗinki ban bari ba. Na sayar da keken ƙafa na sayi mai amfani da wuta, duk da wutar sai an ga dama. Na daina kwanan ɗinki, ko da salla ce ina ƙayyade abin da zan karɓa, wasu masu kawo mini aiki sun yi fushi sun tafi. Goro da shayi mai kauri na lura suna tayar mini da gudun ƙirjin, na rage. Gishiri da dunƙulen miya ma haka. Ina tafiya a ƙafa da sassafe kafin rana ta yi zafi, a hankali, gwargwadon yadda zan iya magana ina tafiya. Ran da jiri ya dame ni ina salla a zaune. Na'urar awon jini ta gida wani lokaci tana ruɗewa da irin bugun nan ta ba da lambar da ba ita ba, don haka yatsuna na fi yarda da su, minti ɗaya cur.

Kuɗi shi ne ciwo na biyu. Abban yara hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi, rufin asiri dai alhamdulillahi. Amma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai ya bi ta, har da magani da gwaji da kuɗin mota. Ni ina cikin gari. Ina tuna matan da ke tahowa daga Dukku da Bajoga da Biu tun asuba saboda gwaji ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa wannan ciwon tabon zuciya cikin masu kashe sama da mutum 300,000 duk shekara, akasari a ƙasashen talakawa, kuma a 2018 babban taronta ya zartar da ƙuduri a kansa. A ƙasashen masu arziki ya kusa zama tarihi, saboda yaro yana yin ciwon maƙogwaro ake ba shi penisilin. Wannan shi ke ba ni takaici. Allura ɗaya, ko ƙwaya ta kwana 10, ita ce tsakanina da duk abin da na lissafa a sama. Shi ya sa a gidana ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ba a jiran ya wuce, kuma maganin da aka rubuta sai an shanye shi ko yaro ya warware. Yaron da ya riga ya yi zazzaɓin gaɓoɓin nan kuwa, ana ɗora shi a kan penisilin na tsawon shekaru, galibi allura duk sati uku zuwa huɗu, don kada ciwon ya dawo ya ƙara wa zuciya tabo.

Maganin da nake sha ba ya buɗe ƙofar da ta tsuke, lallaɓa ta kawai yake yi. Likita ya ce a ma'auninsu faɗin ƙofar mai lafiya 4 zuwa 6 ne, idan ya sauko 1.5 an shiga mataki mai tsanani, tawa kuma tana dab da nan. Gyaran iri biyu ne: ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a buɗa ƙofar da balan-balan, idan ba ta yi tauri da yawa ba kuma babu gudan jini a ciki, ko a buɗe ƙirji a sauya ta. Ana aikin buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974 da aka fara a Inugu, amma wuraren kaɗan ne kuma kuɗin miliyoyi ne. A Sudan akwai cibiyar Salam da ke Khartum, wadda wata ƙungiyar agaji ta Italiya ta buɗe a 2007 tana yin aikin kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa hanyar ta yi wa irinmu wuya. Masu hali suna tafiya Indiya ko Masar.

Mu dai mun fara tari. Na shiga adashi biyu, na sayar da 'yan kunnen gwal da Dada ta bar mini, Hammana da ke Bauchi ya ce ran da aka sa rana shanunsa biyu nawa ne. Bayan babbar salla za a sake yi mini eko, a nan za a san ko lokacin aikin ya yi da kuma wane iri zai dace da ni. Ina barar addu'arku, ni da Adda ta Nafada da sauran 'yan layinmu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti.